Tsibiri biyar a dare huɗu: Abin da bidiyon daƙiƙa 30 bai gaya maka ba

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba. Fararen gidaje tas a saman tsauni, ƙubba shuɗiya, teku a ƙasa ya kwanta luf, can tsakiyar ruwan ga wani ƙaton jirgi kamar an ɗora unguwa guda a kai. Wata ta ba kyamara baya, mayafinta na kaɗawa, an ɗora waƙa mai sanyi. Ka danna alamar so, ka tura wa abokinka ka rubuta "Allah Ya kai mu", ka wuce.

To amin. Amma kafin Allah Ya kai ka, ya kamata ka san me ke faruwa kafin daƙiƙa 30 ɗin nan da kuma bayansu.

Wata 'yar ajinmu ta yi irin wannan tafiyar da iyalinsu a watan Agusta, a tsibiran ƙasar Girka. Su shida ne: ita, da Abbanta, da Ummanta, da ƙannenta maza biyu, da kakarsu ta wajen uba da suke ce wa Hajiya. Dare huɗu suka yi a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, suka taka tsibiri biyar. Na zauna da ita ta ba ni labarin tiryan-tiryan, da sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba. Abin da na tsinta a labarin shi ne, wannan tafiya ce da agogo ke mulki a cikinta, kuma wanda bai san haka ba zai biya kuɗi masu yawa ya dawo da hotuna da gajiya kawai.

Tun kafin a ga ruwa

Wahalar farko a kan tudu take. Girka tana cikin ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya ta Schengen, kuma mai fasfon Najeriya ko na Nijar ba ya shiga sai da ita. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar ya koma yuro 90 ga babba, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Dole ka nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da bayanan asusun banki, da shaidar inda za ka sauka. Ka lissafa wannan sau shida. Sannan idan jirgin zai tsaya a wata ƙasa da ba ta cikin Schengen, kamar Turkiyya da ke maƙwabtaka, sai ka bincika ƙa'idarta daban tun kana gida, domin a bakin jirgi ba a yin magiya.

Abban ya ce shekara uku ya yi yana tara kuɗin, da niyyar sau ɗaya dai a rayuwa ya fita da mahaifiyarsa da 'ya'yansa gaba ɗaya kafin kowa ya kama gabansa. Wannan niyyar ka riƙe ta, za ka ga amfaninta a gaba.

Ko a wurin haɗa kaya an yi ƙaramar rigima. Umma ta sayo kilishi mai yawa, sai aka gano dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga wajen ƙasashenta. Kilishi ya tsaya a gida, maƙwabta suka sha daɗi. Yaji ne kawai ya samu biza.

Gari ne a kan ruwa

Sun sauka Athens, babban birnin ƙasar, suka wuce Piraeus, tashar jiragen ruwan birnin. A nan aka ba kowa ɗan kati mai kama da na cirar kuɗi. Shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka ta fita da shiga, kuma da shi kake sayen komai a cikin jirgi. Ba ka ganin kuɗi na fita daga hannunka, sai daren ƙarshe a turo maka lissafi.

Kafin a yi nisa aka tara kowa atisayen ceto: ina rigar ceto take, ina za ka tsaya idan an busa ƙararrawa. Ƙannen nata suka ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. A watan Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma akwai ɗaruruwan fasinjoji da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Bayan haka ne aka tsaurara dokar duniya, ya zama dole a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Ɗakunan da suka kama su ne mafi araha, na can ciki marasa taga. Idan ka kashe fitila, rana tsaka da tsakar dare duk ɗaya ne. Ba don ƙararrawar waya ba, da Asuba ta sha wuce su. Alƙibla ma aiki ce: daga Girka tana kudu maso gabas, amma jirgi na juyawa, inda ka fuskanta da Azahar ba lallai ya zama nan ne da Magariba ba. Abba ne ya zama mai duba alƙibla a waya kafin kowace salla, suna yin ƙasaru a ɗan filin da ke tsakanin gadaje biyu.

Abinci kuwa ba a magana, tun safe har dare akwai wurin ɗebi-da-kanka. Sai dai naman alade na nan a jere da sauran, giya kuma a kowane hawa. Sun sanar da buƙatarsu ta abincin halal tun lokacin sayen tikiti, duk da haka yawancin kwanakin a kan kifi, ƙwai, taliya, shinkafa da ganye suka rayu. A nan yajin Umma ya yi rana.

Kuma kar farashin da kake gani a talla ya ruɗe ka. A jiragen da yawa ana cire kuɗin hidimar ma'aikata kullum a kan kowane fasinja. Intanet sai ka saya, kuma da tsada. Yawon da kamfani ke shiryawa a kowane tsibiri, da mota da ɗan jagora, shi ma kuɗinsa daban. Ƙaramin ƙanin ya manta bai kashe data ba, wayarsa ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, kafin gari ya waye kuɗin da ke layinsa sun ƙone ƙurmus. In ka hau irin wannan jirgi, abu na farko ka sa wayarka a yanayin jirgin sama.

Mykonos da Patmos: a sauka, a ɗauki hoto, a koma

Girka na da tsibirai manya da ƙanana kusan 6,000, kuma 227 ne kawai mutane ke zaune a kai. Na farko a jerinsu shi ne Mykonos, wanda suka isa da yammacin ranar farko. Ana yi masa laƙabi da tsibirin iska, kuma a watan Agusta ne wata iskar arewa da ake kira meltemi ke kaɗawa da ƙarfi a tekun Aegean. Samarin nan biyu da suka yi ta cika baki cewa ruwa ba ya ba su tsoro, su ne suka fara neman leda. Hajiya da kowa ke jin tsoron yadda za ta yi, tana zaune da carbinta ko gezau, tana yi musu dariya.

Awa biyar aka ba su. Sun ga tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska da ke jere a kan tudu, waɗanda aka fara ginawa tun ƙarni na 16, sun ratsa lungunan garin da aka shafe da farar ƙasa, sun tambayi farashin abinci a bakin ruwa suka haƙura. Kusa da nan akwai ɗan tsibirin Delos mai cike da kufai na dubban shekaru, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Ba su je ba, babu lokaci.

Washegari sai Patmos, ƙaramin tsibiri mai shiru. Kiristoci na girmama shi saboda kogon da suka yi imani a nan Yohanna ya rubuta littafin Ru'ya, kuma a saman tudu akwai gidan ibada mai kama da ganuwa da aka kafa a 1088. Awa huɗu da 'yan mintuna, aka busa, aka koma.

A nan ƙawar tawa ta fara lura da wani abu. Ko ina suka sauka, rabin hankalinta na kan waya tana neman inda hoto zai fi kyau, ɗaya rabin na kan agogo. Da daddare in tana duba hotunan sai ta rasa wane lungu ne na wane tsibiri.

Rodos: ranar da aka numfasa

Rana ta uku ce kaɗai aka ba su yini guda, kuma a Rodos jirgi na jingina da gaɓa, ka sauko ka taka da ƙafa zuwa tsohon gari. Wannan gari mai ganuwa, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 1988, mayaƙan Kirista na ƙungiyar Saint John ne suka riƙe shi sama da shekara 200, har Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya karɓe shi a 1522. Turkawa suka mulke shi kusan shekara 400, Italiya ta ƙwace a 1912, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma hannun Girka. Shi ya sa a titi ɗaya za ka ga fadar mayaƙan nan, ka ɗaga kai ka hango hasumiyar masallacin Sulaiman. Har yau akwai tsirarun Musulmi a tsibirin, kuma ana salla a masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin tsohon garin.

Hajiya ta gaji da tafiya a kan duwatsun titin, sai dukkansu suka zauna a inuwa kusa da masallacin sama da awa guda. Ba wanda ya ɗauki bidiyo. A zaman nan ne ta ba jikokin labarin yadda mahaifinta ya je aikin Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya haye Bahar Maliya a jirgin ruwa, sai bayan shekaru ya dawo. Yaran ba su taɓa ji ba. Abban kansa ya ce akwai sassan labarin da ranar ya fara ji.

Da na tambayi ƙawar tawa wace rana ta fi tsaya mata a rai, ba ta yi dogon tunani ba ta ce ranar Rodos. Kuma ita ce ranar da ta fi ƙarancin hotuna a wayarta.

Kirit da safe, Santorini da yamma

Rana ta huɗu tsibiri biyu aka haɗa musu. Da sassafe suka sauka Heraklion a tsibirin Kirit, mafi girma a Girka. Musulmin da suka fito daga Andalus ne suka kafa tushen birnin a ƙarni na 9, suka kewaye shi da gwalalo, suka riƙe tsibirin har 961. A bayan gari akwai kufan fadar Knossos da Baturen Ingila Arthur Evans ya fara tonowa a 1900. Wurin da ɗalibin tarihi zai yi mako bai gama ba, su awa biyu suka yi a ciki, kafin Azahar an koma jirgi.

Da La'asar suka shiga Santorini, wurin bidiyon nan naka. Ruwan da jirgi ke tsayawa a kai bakin dutse ne mai aman wuta. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce ya yi wani mummunan amai, tsakiyar tsibirin ya rufta, teku ya cike ramin, toka ta binne garin Akrotiri wanda sai a 1967 aka fara tono shi. Gidajen da kake gani a hoto a bakin wannan ramin suke, wasunsu sama da mita 200 daga ruwa.

Manyan jirage ba sa jingina a nan. Suna tsayawa a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane zuwa tsohuwar tasha a gindin tsauni. Daga nan zuwa garin Fira da ke sama hanya uku ce: motar igiya, wato wasu akwatuna shida da igiyar ƙarfe ke ja, kowanne na ɗaukar mutum shida, ko matakala kusan 600, ko bayan jaki da alfadari. Jakunan ma sai da gwamnati ta sa baki a 2018, ta ƙayyade kada a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100.

Ƙubbobin nan shuɗɗa da suka fi yawo a intanet, waɗanda coci-coci ne, a ƙauyen Oia suke. Ana rubuta shi Oia amma ana furta shi "Iya". Yana da nisan kilomita 11 daga Fira, kuma kowa so yake ya kalli faɗuwar rana a can. Matsalar ita ce a watan Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, ƙaramin jirgi na ƙarshe da zai mayar da su kuma ƙarfe tara aka ce zai tashi.

Iyalin suka rabu biyu. Abba da Umma da Hajiya suka tsaya a Fira. Ƙawar tawa da ƙannenta suka hau bas zuwa Oia, bayan Abba ya ja musu kunne su baro can kafin bakwai da rabi. A Oia sun tarar da layi na masu jiran ɗaukar hoto a wuri ɗaya tak, kowa ya samu 'yan daƙiƙu, na baya na gunaguni. Ka san hoton nan da ake ganin mutum shi kaɗai da teku? Akwai mutum hamsin a bayan mai kyamarar. Suka ce bari a ƙara minti goma, rana ta kusa. Goma ta zama talatin.

Da suka dawo Fira, layin motar igiya ya miƙe ya zagaye lungu, domin ba jirginsu kaɗai ba ne a ruwan. Abba ya riga ya sauka da Hajiya da Umma tun da wuri saboda gwiwarta. Ya kira ya ce musu su bi matakala. Su ukun suka gangara a cikin duhu, duwatsu na santsi, kashin jakuna ko ina, ƙaramin ya zame ya kurje gwiwa. Can ƙasa Umma ta ƙi shiga ƙaramin jirgin, ta ce ba inda za ta ba 'ya'yanta. Sun iso ana shirin ɗage tsani.

Ka san me zai faru da sun makara? Idan kana cikin yawon da kamfanin jirgi ya shirya, jirgi zai jira motarku. Idan da kanka ka fita, ba ya jiran ka. Kai za ka nemi wurin kwana, ka sayi tikitin da zai kai ka tasha ta gaba, duk daga aljihunka. Bidiyoyin nan da kake dariya a TikTok na mutane suna gudu a bakin tasha jirgi na tafiya, ba shiri ba ne.

A daren ba wanda ya yi wa wani faɗa. Abba dai ya ce ba don hoto ya tara kuɗin shekara uku ba, ya shige ɗaki. Ta ce da dukan ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Mutanen da ke zaune cikin hotonka

Akwai ɓangaren da mu 'yan kallo ba mu cika tunawa ba. Mazauna Santorini na dindindin ba su wuce 15,500 ba, amma a lokacin zafi an sha samun ranar da fasinjojin jiragen shaƙatawa kaɗai suka haura 10,000. Tsibiri ne mai ƙarancin ruwan sha, da tace ruwan teku ake dogaro. A Oia za ka ga alluna a ƙofofin gidaje ana roƙon baƙi su daina hawa rufin mutane don ɗaukar hoto. Ka yi tunanin ka fito tsakar gidanku da safe ka tarar da baƙo a kan soro yana gyara tsayuwa.

Shi ya sa hukumomi suka sa iyakar fasinjojin jirage 8,000 a rana, kuma a 2025 gwamnatin Firaminista Kyriakos Mitsotakis ta fara karɓar harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan da ya sauka Santorini ko Mykonos a tsakiyar lokacin zafi, yuro 5 a sauran tashoshi. Iyali mai mutum shida, tsibiran nan biyu kaɗai yuro 240 ke nan.

Haka ma cikin jirgin. Masu gyara maka gado da kawo maka abinci yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, matasa sa'anninmu, suna yin watanni a kan ruwa ba su ga iyalinsu ba. Umma ta saba da wata 'yar Indonesiya da ke gyara musu ɗaki, wadda tun da ta ga dardumar salla ta riƙa yi musu sallama kullum. Ranar rabuwa ragowar yajin ita aka bar wa.

To, a je ko kar a je?

A je mana, in Allah Ya hore. Ga iyali mai tsoho da yara, tsarin na da daɗinsa: sau ɗaya za ka kwance jaka, ɗakinka ne ke tafiya da kai, kullum ka farka a sabon wuri, ba neman otal ba neman abinci. Hajiya da ba za ta iya hawa da saukar jirage biyar ba, ta ga tsibiri biyar daga kujera ɗaya.

Amma ka yi lissafi da kanka. A cikin kwanakin nan, duka lokacin da suka yi a kan tudu bai fi awa 30 ba, kuma ka cire na bin layi. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba. Wanda ya yi awa huɗu a Kirit ya hango ne kawai.

Don haka in naka lokacin ya zo, duba awa nawa jirgi zai yi a kowace tasha kafin ka duba yawan tashoshin. Jirgin da zai tsaya wuri uku ya daɗe ya fi wanda zai leƙa bakwai. In za ka iya, ka kauce wa Yuli da Agusta, watan Mayu ko ƙarshen Satumba sun fi sauƙin zafi da cunkoso. Ka tambayi abin da ke cikin kuɗin tikiti da abin da ba ya ciki, ka ware na gefe. A kowace tasha ka zaɓi abu ɗaya da za ku gani tare, ka dawo bakin ruwa awa guda kafin lokacin da aka sa. In akwai mai juna biyu ko jariri a tafiyar, ku tambaya tun wuri, domin yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya kai mako 24 ko jaririn da bai kai wata shida ba.

In kuma ba ka da halin zuwa yanzu, kamar yawancinmu da ko kuɗin rajista sai an yi da gaske, kar bidiyon wani ya hana ka barci ko ya sa ka ci bashi. Abin da iyalin nan suka fi tunawa a tafiyar shekara uku ana tara mata kuɗi shi ne awa guda da suka zauna a inuwa tsohuwa na ba su labari. Idan kakarka na raye, wannan ba ya buƙatar biza. Ka ajiye wayar yau da daddare ka tambaye ta.